Sai da 'Yan Ƙwallo Suka Ajiye Takalma: Sharhi kan Boren Ɗalibai Baƙaƙen Fata a Jami'ar Missouri

Da safiyar Litinin, 9 ga Nuwamba 2015, Tim Wolfe ya tsaya gaban majalisar gudanarwar Jami'ar Missouri a Amurka ya ce ya ajiye muƙaminsa na shugaban jami'a. Kafin rana ta faɗi, R. Bowen Loftin, wanda ke riƙe da babban reshen jami'ar da ke garin Columbia, shi ma ya sanar da cewa zai sauka. Kusan wata biyu ɗalibai baƙaƙen fata suka yi suna kokawa, suna maci, suna rubuta takardu. Wani ɗalibi ya kwana bakwai bai sa abinci a bakinsa ba. Duk wannan bai motsa Wolfe daga kujerarsa ba. Amma da 'yan wasan ƙwallon jami'ar suka ce ba atisaye ba wasa har sai ya tafi, ko kwana biyu cikakku bai ƙara ba.

Wannan bambanci tsakanin wata biyu da kwana biyu shi ne abin dubawa. A cikinsa ake ganin inda ƙarfin ɗalibi yake a jami'ar Amurka, da kuma iyakar ƙarfin.

Sai an san garin kafin a fahimci fushin. An kafa Jami'ar Missouri a 1839, a wani yanki na jihar da ya yi suna wajen riƙon bayi. James Rollins, mutumin da ake kira uban jami'ar, shi kansa yana da bayi. A Afrilun 1923 wani gungun fararen fata ya fasa gidan yarin Columbia, ya fito da James Scott, baƙar fata mai aikin shara a jami'ar da ake zargi da cin zarafin 'yar wani farfesa, aka rataye shi a kan gada kusa da harabar makaranta, tun ba a kai ga yi masa shari'a ba. Jama'a ta cika wurin tana kallo, har da ɗalibai.

Bayan shekara goma sha biyu wani matashi mai suna Lloyd Gaines, wanda ya gama digirinsa a Jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata a Jefferson City, ya nemi gurbin karatun lauya a Missouri. Aka ce masa a'a, amma gwamnatin jiha a shirye take ta biya masa kuɗin makaranta a wata jiha ta maƙwabta. Ya ƙi. Lauyan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, Charles Hamilton Houston, ya kai ƙarar har Kotun Ƙoli, kuma a Disambar 1938 kotun ta ce dole jihar ta ba shi karatun a cikin iyakarta. Jihar ta gwammace ta buɗe wata ƙaramar makarantar lauyoyi ta baƙaƙe zalla a St. Louis da ta bar shi ya zauna aji ɗaya da Turawa. A Maris 1939 Gaines ya fita daga masaukinsa a Chicago, ya ce zai sayo kan sarki na aika wasiƙa. Ba a sake ganinsa ba har yau. Sai a 1950, shi ma da umarnin kotu, jami'ar ta karɓi ɗalibanta baƙaƙe na farko. Daga wannan shekara ce ƙungiyar da ta jagoranci boren 2015 ta ɗauko sunanta, Concerned Student 1950.

Cibiyar al'adun baƙaƙen fata ta jami'ar tana ɗauke da sunan Gaines. A Fabrairun 2010, watan da Amurkawa ke tunawa da tarihin baƙar fata, an wayi gari an watsa ƙulle-ƙullen auduga a ƙofar cibiyar. Ba wanda ya buƙaci fassara, domin auduga ce bayi suka tsinta a gonakin kudu. Ɗalibai biyu fararen fata ne suka yi, kuma laifin da aka kama su da shi a ƙarshe shi ne zubar da shara. Ɗalibin da ya ga haka ya koyi darasi game da farashin mutuncinsa a wurin hukuma.

Sai kuma Ferguson. A ranar 9 ga Agusta 2014 ɗan sanda farar fata ya harbe Michael Brown, ɗan shekara 18, a wannan gari da ke gefen St. Louis, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Columbia. Ɗaliban Missouri da dama 'yan St. Louis ne. Wasunsu sun je Ferguson, sun shaƙi barkonon tsohuwa, sun ga yadda ake tsara zanga-zanga, yadda ake amfani da waya da Twitter a tilasta wa duniya ta kalla. Sun koma makaranta da wannan ilimi, kuma suka tarar hukumar jami'a ba ta da abin faɗa.

A Satumbar 2015 shugaban ƙungiyar ɗaliban jami'ar baki ɗaya, Payton Head, wanda baƙar fata ne, ya rubuta a Facebook cewa wasu samari a bayan motar a-kori-kura sun bi shi suna ƙwala masa zagin nan da ake jifan baƙar fata da shi tun zamanin bauta. Rubutun ya bazu. Sai da aka yi kwanaki kafin Loftin ya ce uffan. A farkon Oktoba, 'yan majalisar ɗalibai baƙaƙen fata, Legion of Black Collegians, suna gwajin wasan kwaikwayo da dare a wani dandali, wani ɗalibi farar fata a buge ya kutsa cikinsu, da aka ce ya fita ya maimaita wannan zagi. A ranar 24 ga watan aka tarar an zana tambarin 'yan Nazi da kashi a bangon banɗakin wani ɗakin kwanan ɗalibai.

A nan ne masu sukar boren suka fi kafa hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suka ce: a jami'a mai ɗalibai kimanin 35,000, ɗan giya ɗaya da 'yan iska a mota ba za a rasa ba. Me shugaban jami'a zai yi a kai? Shi ya aike su? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma ta kauce wa abin da ɗaliban ke faɗa. Ba cewa suka yi Wolfe ne ya zage su ba. Cewa suka yi irin wannan abu yana faruwa kowane zango, ana kai ƙara, ana kafa kwamiti, ana mantawa. Baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari ne na ɗalibai, a jihar da suka haura kashi 11 cikin ɗari na jama'a. A cikin malamai kuwa kusan kashi 3 ne kacal. Ɗalibi na iya shekara huɗu ya gama digiri bai taɓa zama gaban malami mai irin fatarsa ba. Idan shi kaɗai ne baƙi a aji, duk ranar da aka tabo zancen bauta ko laifuffuka a unguwannin talakawa, idanu kansa suke juyowa. Idan ya shiga ɗakin karatu da dare, shi mai gadi zai tambaya katin shaida. Kowanne a cikin waɗannan, in aka ɗauke shi shi kaɗai, ana iya cewa bai taka kara ya karya ba. Haɗuwarsu ce ke sa mutum ya gane cewa a makarantar da yake biya wa kuɗi, baƙo ake ɗaukarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan fararen ɗalibai da gaskiyarsu suke cewa su ba su ga komai ba.

Ranar 10 ga Oktoba aka yi faretin bikin tsofaffin ɗalibai, babbar rana a garin. Ɗalibai goma sha ɗaya suka sarƙe hannu suka tare jar motar mai buɗaɗɗen sama da Wolfe ke ciki. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa karɓar lasifikar hannu suna karanto tarihin wariya a jami'ar, shekara bi shekara. 'Yan kallo, galibi fararen fata, suka shiga rera taken makaranta da ƙarfi don su danne muryarsu. Wasu suka fito suka shiga tsakani suna ture su. Direban ya riƙa matsa motar, ɗaliban suka ce har ta bugi ɗayansu. Wolfe yana zaune, bai buɗe ƙofa ba, bai ce musu ko sannu ba, har 'yan sanda suka zo suka kore su. Ina ganin a wannan mintoci ne ya rasa kujerarsa, ko da yake sai bayan wata guda ya gane. Da ya sauko ya tsaya ya ji su, ko bai yi alkawarin komai ba, da wuya a ce sunansa ya zama buƙata ta farko-farko a takardar da suka fitar.

Wolfe ɗan kasuwa ne. Daga kamfanonin kwamfuta ya zo, IBM da Novell, kuma an kawo shi a 2012 ne don ya tsuke bakin aljihu, ba don ya san aji ba. Takardar buƙatu takwas da ɗaliban suka fitar a ranar 20 ga Oktoba ta nemi ya nemi afuwa kuma a cire shi, a ƙara malamai da ma'aikata baƙaƙe su kai kashi 10 cikin ɗari kafin zangon karatu na 2017 zuwa 2018, a sa darasin wayar da kai kan launin fata, a ƙara likitocin ƙwaƙwalwa a cibiyar ba ɗalibai shawara, sannan a cika buƙatun da Legion of Black Collegians ta gabatar tun 1969. Wannan na ƙarshen ya fi komai faɗar gaskiyar lamarin: jikoki ne ke neman a biya bashin da aka ci wa kakanni.

Ranar 2 ga Nuwamba Jonathan Butler, ɗalibin digiri na biyu a fannin ilimi, ya rubuta wa majalisar gudanarwa cewa ya daina cin abinci, ko dai Wolfe ya tafi ko kuma shi ya mutu. Abokansa suka kafa tantuna a tsakiyar harabar jami'a, cikin sanyin Nuwamba. Daga baya 'yan jarida sun tono cewa mahaifin Butler babban jami'i ne mai arziki a wani kamfanin jiragen ƙasa, aka yi ta yayatawa don a nuna kukansa na ƙarya ne. Ni ban ga yadda dukiyar uba ke hana a zagi ɗansa a titi ba.

Daren 6 ga wata, ɗalibai suka tare Wolfe a Kansas City bayan wani taron tara kuɗi, suka tambaye shi ko ya san abin da ake nufi da danniyar da ta ginu a cikin tsari. Amsar da ya bayar ita ce, danniyar tana nan ne saboda ku ba ku yarda kuna da dama daidai da kowa ba. Wato matsalar a kawunansu take. An ɗauki bidiyon da waya, kafin gari ya waye ya zagaye ƙasa.

Washegari, Asabar, 'yan wasan ƙwallo baƙaƙe kimanin 30 suka sa hotonsu a Twitter, hannu cikin hannu da Butler, suka ce sun daina duk wata hidimar ƙwallo. Ranar Lahadi kocinsu, Gary Pinkel, farar fata, ya sa hoton tawagar gaba ɗaya, baƙi da fari, ya ce suna bayan 'yan wasansu.

Wanda bai san jami'o'in Amurka ba zai yi mamakin yadda wasa ke da wannan nauyi. Ƙwallon da ake magana ba irin tamaular da muka sani ba ce, ƙwallon ƙafar Amurka ce ta kwalkwali da karo, kuma a manyan jami'o'in jihohi kasuwanci ne na miliyoyin daloli. A lokacin filin wasan Missouri yana ɗaukar mutum sama da 60,000. Tun 2012 jami'ar take cikin SEC, rukunin gasar wasannin jami'o'in kudu maso gabashin ƙasar, wanda gidajen talabijin ke zuba wa kuɗi fiye da kima. Albashin Pinkel ya kai wajen dala miliyan 4 a shekara, ya ninka na Wolfe sau da yawa. Attajiran tsofaffin ɗalibai da ke ba jami'a gudummawa, da 'yan majalisar jiha da ke yanka mata kasafi, yawancinsu ta ƙofar filin wasa suke ƙaunar makarantar. Ranar 14 ga Nuwamba akwai wasa da Jami'ar Brigham Young a Kansas City, kuma yarjejeniyar ta ce wanda ya fasa zai biya dala miliyan 1. Ga kuma abin lura: baƙaƙen da ba su kai ɗaya cikin goma ba a aji, su ne kusan rabin tawagar. A wancan lokaci ba a biyan ɗan wasan jami'a albashi, sukolashif kawai yake samu. Wuri ɗaya tilo da jami'ar ba ta iya motsi sai da baƙar fata shi ne filin wasa, kuma ɗaliban suka gano haka.

Ba ƙaramar kasada suka yi ba. A Oktoban 1969 'yan wasa baƙaƙe 14 na Jami'ar Wyoming sun je wurin kocinsu, Lloyd Eaton, suna neman izinin ɗaura baƙin ƙyalle a damtse a wasansu da wannan Brigham Young ɗin, don nuna adawa da dokar cocin Mormon da ta hana baƙar fata limanci. Nan take ya kore su duka daga tawagar, hukumar jami'a da gwamnan jiha suka goya masa baya. Sai a 2019 jami'ar ta nemi gafararsu. Abin da ya canza tsakanin 1969 da 2015 ba tausayi ba ne. Kuɗin da ke cikin wasan ne ya yi yawan da korar rabin tawaga ta zama asarar da ba mai iya ɗauka.

Duk da haka kuskure ne a ce 'yan ƙwallo kaɗai suka yi aikin. A Agustan shekarar jami'ar ta janye tallafin inshorar lafiyar ɗaliban digiri na biyu da na uku da sanarwar da ba ta kai kwana ɗaya ba, sai da suka yi bore aka mayar. Malamai suna fushi da Loftin, har shugabannin tsangayoyi tara suka sa hannu a takardar neman a cire shi. Wata ƙungiyar malamai ta yi kiran a ƙaurace wa azuzuwa. Shugabannin biyu sun riga sun ɓata da kusan kowa, ba wanda ya rage da zai tsaya musu. Yajin cin abincin Butler ne ya sa 'yan wasan suka motsa, domin sun je sun gan shi da idonsu. Shi kuma yajin, tantunan da faretin ne suka share masa hanya.

A ranar nasarar ce kuma boren ya yi wa kansa rauni. 'Yan jarida suka cika harabar, masu zanga-zanga suka yi da'ira suka ce ba a shiga wurin tantuna. Wani ɗalibi mai ɗaukar hoto, Tim Tai, ya tsaya yana faɗa musu cewa fili na jama'a ne, dokar da ta ba su 'yancin taruwa ita ta ba shi 'yancin ɗaukar hoto, suka riƙa ture shi baya. Wata malamar sashen sadarwa, Melissa Click, farar fata, aka ɗauke ta a bidiyo tana kiran a kawo ƙarti su fitar da wani ɗalibin mai kyamara. Ana iya fahimtar dalilin ɗaliban: sun ga yadda kafafen labarai suka siffanta mutanen Ferguson, ba su amince da su ba. Amma Tai ne mai gaskiya, kuma washegari masu zanga-zangar da kansu suka cire allunan hana 'yan jarida. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga ranar, ga rabin Amurka, labarin Missouri ya tashi daga zagi da tambarin Nazi ya koma labarin ɗalibai masu toshe bakin jama'a. 'Yan majalisar jiha na jam'iyyar Republican fiye da 100 suka nemi a kori Click, aka kuma kore ta a Fabrairun 2016. Wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin ƙwace sukolashif daga duk ɗan wasan da ya ƙi buga wasa, ko da yake an janye shi. A makon murabus ɗin kuma aka kama wani matashi farar fata da ya yi barazana a intanet cewa zai harbe duk baƙar fatar da ya gani, ɗalibai da yawa suka kwana a wajen makaranta don tsoro. Wannan bai samu rabin surutun da bidiyon Click ya samu ba.

Sannan aljihu ya sake magana, wannan karo ta ɗaya ɓangaren. Cikin shekara biyu yawan sababbin ɗalibai ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. An rufe ɗakunan kwana bakwai, an soke guraben aiki sama da 400. Iyaye fararen fata na karkara suka ce makarantar ta faɗa hannun masu bore. Iyaye baƙaƙe suka ce ba za su kai 'ya'yansu inda ake zaginsu ba, kuma raguwar ta fi tsanani a cikin baƙaƙen. Akwai wasu dalilan, kamar raguwar masu gama sakandare a yankin da gasar jami'o'in maƙwabta, amma hukumar jami'ar da kanta ta amince cewa abin da ya faru a 2015 ne babba. Shugabannin jami'o'i a faɗin ƙasar suka ɗauki darasi biyu masu karo da juna: kada ka yi kunnen uwar shegu da ɗalibai, kada kuma a gan ka ka durƙusa musu.

Wutar ta kama wasu wurare a makonnin. A Princeton ɗalibai suka yi zaman dirshan a ofishin shugaba suna neman a cire sunan Woodrow Wilson, shugaban ƙasar da ya faɗaɗa wariya a aikin gwamnatin tarayya. An ƙi a 2016, aka yarda a 2020 bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe. Yale ta cire sunan John Calhoun, gogan kare bauta, daga ɗaya daga kwalejojinta a 2017. Georgetown ta fuskanci tarihinta na sayar da bayi 272 a 1838 don biyan bashi. A shekarar 2015 ɗin dai, ɗaliban Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu suka sa aka ɗauke gunkin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes a watan Afrilu, kafin Oktoba boren ya koma kan kuɗin makaranta.

Don a auna abin da aka samu, sai a koma ga kakannin. A ƙarshen shekarun 1960 baƙaƙen ɗalibai sun fara shiga jami'o'in Turawa da ɗan yawa, suka tarar an buɗe musu ƙofa amma manhajar karatu ba ta san da zamansu ba. A San Francisco State suka shiga yajin karatu daga 6 ga Nuwamba 1968 har Maris 1969, wata kusan biyar, mafi tsawo a tarihin ɗaliban Amurka. Gwamna Ronald Reagan da shugaban makarantar S. I. Hayakawa suka cika harabar da 'yan sanda, aka kama ɗaruruwa. A Cornell, a Afrilun 1969, bayan an ƙona gicciye a ƙofar gidan kwanan ɗalibai mata baƙaƙe, ɗalibai suka mamaye wani babban gini na awa 36. Da wasu fararen ɗalibai suka yi yunƙurin fitar da su da ƙarfi, suka shigo da bindigogi, kuma hoton fitowarsu riƙe da makamai ya girgiza ƙasar. A makarantun baƙaƙe na kudu kuwa jini aka zubar: 'yan sandan jiha sun kashe matasa uku a Orangeburg a Fabrairun 1968, aka kashe biyu a Jackson State a Mayun 1970, kwana goma sha ɗaya bayan kisan fararen ɗalibai huɗu a Kent State, wanda shi ne duniya ta fi tunawa.

Abin da waɗancan suka nace a kai shi ne sashen karatu: a koyar da tarihin baƙar fata da adabinsa da siyasarsa, sashen ya ba da digiri, ya ɗauki malamansa, ya sami kasafinsa. San Francisco State ta kafa tsangayar nazarin ƙabilu, Cornell ta kafa cibiyar nazarin Afirka da 'ya'yanta na ƙetare, ɗaruruwan makarantu suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Fiye da shekara hamsin ke nan waɗannan biyun suna nan. Farfesan da ya sami kujerar dindindin ba a korarsa da sa hannun mutum ɗaya, kuma yana yaye ɗaliban da su ma za su zama farfesoshi.

Abin da jami'o'i suka fi bayarwa bayan 2015 daban ne: ofis. Missouri ta naɗa Mike Middleton shugaban riƙo, baƙar fata, lauya, ɗaya daga waɗanda suka kafa Legion of Black Collegians a 1968. Ta ƙirƙiri muƙamin babban jami'i mai kula da daidaito da haɗin kan jinsuna, ta sa horon wayar da kai. Ba na raina waɗannan. Ɗalibin da aka ci wa mutunci ya sami ƙofar da zai buga, kuma mutanen da suka yi aiki a ofisoshin da yawansu sun yi da zuciya ɗaya. Amma buƙata mai tsada, wato malamai baƙaƙe kashi 10 cikin ɗari, wa'adin ya zo ya wuce ba a kai ko rabi ba. Ɗaukar farfesa yana buƙatar kuɗi na shekara talatin da amincewar sashen da zai zauna. Ofis kuwa shugaba ne ke buɗe shi da takarda ɗaya, kuma da takarda ɗaya ake rufe shi.

Haka kuwa aka yi. A ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Nan da nan Missouri ta daina ba da sukolashif ɗin da aka ware bisa launin fata. Jihohin Florida da Texas suka yi dokar hana irin waɗannan ofisoshi a jami'o'in gwamnati, aka sallami ma'aikata. A bazarar 2024 Jami'ar Missouri, ƙarƙashin shugabanta Mun Choi, ta rushe sashen daidaiton da boren ya haifar, ta rarraba ma'aikatansa zuwa wasu ofisoshi, tun kafin majalisar jiha ta tilasta mata. Choi bai ɓoye ba cewa kare kasafin jami'a na cikin lissafi. A Fabrairun 2025 ma'aikatar ilimi ta gwamnatin Trump ta aika wa makarantu wasiƙar barazanar yanke kuɗin tarayya. Kotuna sun taka wa wasiƙar birki, amma makarantu da yawa sun riga sun sauke alluna. Makamin da ɗaliban suka yi amfani da shi a 2015, wato tsoron asarar kuɗi, shi aka juya musu, kuma majalisar da ke yanka kasafi kowace shekara ta fi ɗalibin da zai gama ya tafi cikin shekara huɗu dogon numfashi.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ce ƙasar Afirka da ta fi tura ɗalibai Amurka, kimanin 20,000 a 'yan shekarun nan. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu, makarantar baƙaƙe, a zamanin da kudancin ƙasar ya rufe musu ƙofofin jami'o'in Turawa. Ɗan Kano ko Zariya da ke digiri na uku a Missouri yau, ta ƙofar da Gaines ya buga ya shiga. Amma sau da yawa ɗalibin da ya taso daga Afirka, wanda bai taɓa zama ɗan tsiraru saboda fatarsa ba, yakan kalli boren 'yan uwansa Amurkawa a matsayin raki, ya ce shi karatu ya kawo shi. Su kuma suna lura da cewa a manyan jami'o'i masu tsada, kaso mai yawa na waɗanda ake ƙirgawa baƙaƙe 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura ne daga Afirka da Karibiyan, ba jikokin bayin da aka yi gwagwarmayar dominsu ba. A 2017 ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta Cornell ta sa wannan ƙorafi a rubuce cikin buƙatunta, abin ya jawo ce-ce-ku-ce har ta nemi afuwa kan yadda ta faɗe shi. Lafazin ya yi kaushi, amma ƙorafin yana da tushe: jami'a na iya cika alƙalumanta da 'ya'yan likitoci daga Legas da Accra, yaron unguwar talakawa ta St. Louis yana waje. Su kuwa samarin da ke bayan a-kori-kura, ba sa tsayawa su tambayi baƙar fatar da ke tafiya a gefen titi ko daga Ferguson yake ko daga Funtuwa.

Shi ma filin wasan ya canza. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, yana kuma iya sauya makaranta ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba. Wannan ya ƙara masa 'yanci, ya kuma ba shi abin da zai yi asara idan ya shiga yaji. A Maris 2024, bayan Jami'ar Florida ta rufe ofishinta na daidaito, NAACP ta rubuta wa 'yan wasa baƙaƙe tana roƙonsu su sake tunani kafin su zaɓi jami'o'in gwamnatin jihar. 'Yan wasa ta nufa, ba 'yan majalisa ba. Sai dai a Missouri ba daga waje aka yi kiran ba. 'Yan wasan sun shiga ne bayan sun zauna da ɗan makarantarsu da ya kwana biyar bai ci abinci ba, kuma kocinsu ya yarda ya tsaya a hoto tare da su.